Yadda Aka Ka da Baffa Manu

Labari ya iso mini cewa a bikin Hadiza, ku jikokin Garba kun tsare jikokin Manu da tsiya, wai yaro ne ya ka da kakansu a gaban mata, su kuma suka rama da cewa naku kakan ɓatan hanya ya yi a cikin ruwa da rana tsaka. To madalla. Tsiyar ta gado ce, ba ni zan hana ku ba. Amma tunda duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni ɗin ma likita ya fara gaishe ni da tausayi fiye da kima, bari in zauna in rubuta muku yadda aka yi. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara a ransa. Aji huɗu na yi a Yelwa, na huɗun ma rabinsa a bakin kasuwar kifi na yi shi.

A gungu aka haife mu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Kada ku tambaye ni in nuna muku shi, yana ƙarƙashin tafkin nan da kuke ɗaukar hoto a bakinsa. Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, maza biyu ke riƙe da shi: Baffa Manu shi ne wa, Babana Garba shi ne ƙane. Da rani albasa, da damina gero, kifi kuwa kullum. Baffa ɗan kokawa ne, gajere, wuyansa kamar turmi, kunnensa na hagu a gutsure. Tun da ya ɗaura ɗamara har ya rataye ta, hannunsa bai taɓa dafa ƙasa a fage ba, balle bayansa. Baba kuwa dogo ne, bahago, shi ke zama a ƙarshen jirgin gungunmu ranar tsere. Samari su ne ke ja, shi ke juya jirgin. Ya san inda ruwa ke gudu, da inda yake yaudara, da inda dutse ke kwance yana jiran wawa.

A al'adarmu namiji ba ya yabon kansa, abin kunya ne. Saboda haka Baffa bai taɓa cewa ya fi kowa ba. Abin da yake cewa shi ne, tun da Allah ya yi duniya ba a yi gwani kamar wani marigayi Jatau ɗan kokawa ba. Baba kuma ya ce ƙarya ne, gwanin gwanaye shi ne wani marigayi Ɗan Ango matuƙi. Babu wanda ya taɓa ganin waɗannan bayin Allah a cikinmu. Sai dai mun lura, idan Baffa yana ba da labarin Jatau, gajere ne mai kaurin wuya, har kunnensa ɗaya a gutsure. Ɗan Ango kuma, ikon Allah, dogo ne bahago. Ba wanda ya taɓa ɗaga wannan magana. Wanda ya ɗaga ta ba shi da tarbiyya.

Bayan la'asar ake zaman, ƙarƙashin ɗorawar da ke ƙofar gida, ana gyaran taru ana musu. Hujjar Baffa ita ce, a jirgi mutane da yawa ke zaune, rago zai iya ɓuya a tsakiya yana jiƙa filafili kawai, a ci da shi. Fage kuwa ba maɓoya, daga kai sai abokin karonka sai Allah. Baba ya ce abokin karon ɗan kokawa mutum ne, yana gajiya, yana jin tsoro, wani lokaci ma zawo ya kwana yana yi, amma wa ya taɓa jin Kwara ta gaji? Ranar kasuwa kuma Audu mahauci yakan ƙetaro daga Yelwa ya tsoma baki, ya ce duk wasan da ba a fasa baki a cikinsa wasan yara ne, dambe shi ne magana. Nan take wa da ƙane su haɗa kai su ci masa mutunci, sai ya tafi su koma kan juna.

Ni ma na taɓa kawo tawa. Wajen shekarar da aka sauke tutar Turawa na dawo daga makaranta da ilmi a kaina yana yi mini nauyi, na ce musu duniya ta ci gaba, yanzu gwani shi ne ɗan ƙwallo, har a rediyo ana faɗin sunansa. Baffa ya sa na bayyana masa wasan daki-daki. Ya saurara da kyau, sannan ya ce,

"To in na gane, ƙarti ne sun fi ashirin, kowa da gemunsa, suna bin fata guda, kuma an hana su sa hannu. Garba, kuɗin makarantar yaron ga sun tahi."

Duk da haka daga ranar aka naɗa ni alƙali, tunda ni ne na yi boko, kuma sunan ya bi ni har yau. Da ma Baba ba ya kiran sunana don ni ne ɗan fari, sai abin ya zo masa da sauƙi. Na ɗauki muƙamin da muhimmanci, har na fara tunanin hukuncin da zan yanke. Inna ce ta ja ni gefe a bakin murhu ta ce mini in ina son zaman lafiya a gidan nan, kada in kuskura in raba wannan gardama. Ta ce mutanen nan biyu ba su iya hira ba, ba su iya tambayar lafiyar juna ba, musun nan shi ne gaisuwarsu. Daga nan na ƙware wajen ɗaga shari'a. Yau in ce shaidu ba su cika ba, gobe in ce magariba ta gabato. Shekaru na yi ina wannan aiki, kuma ba na jin akwai alƙalin da ya fi ni riƙon amana a ƙasar Yauri.

Sai maganar ruwa ta zo. Da farko wasu mutane ne masu gajeren wando suka riƙa zuwa suna leƙa wani abu mai ƙafa uku, suna shafa fenti a jikin itatuwa. Aka ce gwamnati za ta datse Kwara a can ƙasa, ruwa zai taru ya shanye gungaye, za a gina mana sababbin garuruwa a tudu. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce wanda zai datse Kwara sai ya fara datse iska. Baffa bai yi dariya ba. Shi mutumin ƙasa ne, ya fara tambayar inda zai yi noma. Da aka nuna mana filin sabon garinmu a wajen Ngaski, ya duƙa ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce tsakuwa ce. Dangin matarsa suna da fili mai kyau a wajen Shanga, ya ce can za shi, kuma ya roƙi Baba su tafi tare. Baba ya ce shi ba zai kwana inda ba ya jin ƙarar ruwa ba. Ku lura da wannan, domin na ji wasunku na cewa rabon gado ne ya raba gidanmu. Ba a yi faɗa ba. Jirgi biyu aka loda a rana ɗaya, ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi gabas, kuma har aka tura su Baffa yana ɗaga murya yana cewa Jatau ya taɓa ɗaga jirgi da mutanen cikinsa, Baba yana amsa masa daga nesa cewa Ɗan Ango ne ya tsamo shi da ya faɗa ruwa.

Gidajen da aka ba mu na siminti ne masu rufi kamar bayan kunkuru. Da rana tanda, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Muna zaune muna kallo ruwa ya riƙa hawa a hankali, ya ci lambunan albasa, ya ci masallaci, ya ci maƙabartar da aka binne kakarmu, uwar su Baba. Ɗorawar ƙofar gida ce ta daɗe tana ɗaga kai, daga baya ita ma ta nutse. Abin da ya rage ba kogi ba ne. Wani shimfiɗaɗɗen ruwa ne marar gaba marar baya, ba ya gudu, sai dai iska ta kaɗa shi. Baba yakan tsaya a bakinsa ya jefa kara, ya zuba masa ido, karan ya tsaya inda ya faɗa.

Da ƙaramar salla ta zo, mutanen sababbin garuruwa suka ce a yi tsere kamar yadda aka saba, don zukata su yi sanyi. Aka kafa gora mai tuta can cikin ruwa, aka ce wanda ya fara kewayo ta ya dawo shi ya ci. Garinmu ba a ma yi shawara ba, Baba aka ba ƙarshen jirgi. Ina cikin masu ja a ranar, don haka ba labari aka ba ni ba. Mun tashi da kyau, muna gaba, har ina jin guɗar mata a bayanmu. Muna cikin tafiya sai na ji jirgin ya karkata dama. Sauran jirage suka miƙe ɗoɗar zuwa tuta, mu kuwa muka yi wani dogon lanƙwasa, irin wanda muke yi a da idan za mu kauce wa duwatsun kan gungunmu. Samari suka riƙa waiwaye suna cewa Baba miƙe, Baba miƙe, babu komai a nan. Bai miƙe ba. Mu ne na ƙarshe. Wani yaro da ko sunan iska bai sani ba shi ya ci, da ƙarfin damtse kawai.

Mutane ba mugaye ba ne, amma dariya ba ta neman izini. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Garba ya kewaye dutsen da babu. Yara suka mai da abin wasa, in za su wuce fili sai su yi lanƙwasa suna tuƙi da kara. Baba ya jingine filafilinsa a bayan ɗaki. Ya daina zuwa bakin ruwa, ya koma zama a gindin bango yana ba tafkin baya. Tuwo in an kai masa sai ya taɓa gefe ya ture. Wannan mutum da ake jin muryarsa daga gungu zuwa gungu, sai ka sunkuya kafin ka ji mi yake cewa. Inna ta gwada jiƙo, ta gwada rubutu, ta gwada faɗa. Kafin damina ta yi nisa wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Ran nan ya kira ni ya ce,

"Alƙali, ka tahi Shanga ka gaya ma Yaya shari'a ta ƙare. Jatau ya fi. Shi ɗan kokawa, ƙasa ko'ina ƙasa ce. Ɗan Ango kuwa ashe ba gwani ba ne, kogi ne gwanin, kuma an kashe shi."

Na tafi. Na sami Baffa a gona, gero ya yi masa kyau har ya fi shi tsawo, ko da yake wannan ba abin mamaki ba ne. Na isar da saƙo ina jiran in ga murna, mutum ya yi shekara da shekaru yana neman wannan kalma. Sai ya ajiye fartanya, ya tambaye ni ko Garba yana cin abinci. Na ce a'a. Ya tambaye ni daidai ina jirgin ya karkata. Na zana masa a ƙasa da kara, ga sabon gari, ga tuta, ga inda muka lanƙwasa. Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya share shi da ƙafa, ya ce in koma, yana nan tafe in an yi girbi.

Da kaka ya zo, a makon da ake kokawa a garinmu. Ya zauna kusa da Baba a gindin bango ya fara tsokana. Ya ce Jatau ya taɓa ka da mutum uku a yini ɗaya. Baba ya ce haka ne. Ya ce tuƙi aikin mata ne da suka rasa abin daka. Baba ya ce gaskiya ne, Yaya. Ya ce Ɗan Ango ko iyo bai iya ba. Baba ya gyaɗa kai. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baffa ba sai ranar. Mutumin da ya tari ƙarti a fage yana murmushi, ga shi ƙanensa yana ce masa haka ne, shi kuma gumi na keto masa.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da makaɗa ke yi masa shi kaɗai. Wanda ya rataye ɗamara ba a kaɗa takensa a fage, domin in aka kaɗa yana wurin, to dole ya miƙe ya shiga, in ya zauna ya zubar da girmansa da na garinsu. Makaɗin kirki ya san wannan, ba ya yi wa tsoho haka. Da safen ranar kokawa Baffa ya ja ni bayan rumbu, ya ba ni goro fari manya a ƙunshe, ya ce in kai wa tsohon makaɗin gungunmu, in ce masa in Sani na garin Wara ya fito yana neman abokin karo, ya kaɗa taken Manu. Wannan Sani shi ne zakaran shekarar, saurayi ne kamar bishiyar giginya, a shekaru bai wuce ɗan cikin Baffa ba. Na ce Baffa, gwiwarka fa? Na ce sunanka fa, da ba a taɓa ka da kai ba? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce,

"An aike ka ko an tambaye ka? Kuma in ubanka ya ji wannan magana daga bakinka, ni da kai ne."

Ina iya jefa goron nan a tafki in ce makaɗi ya ƙi. Na tsaya a hanya na yi wannan tunani sosai, domin na san abin da nake ɗauke da shi. Sunan Baffa shi ne dukiyar gidanmu da ruwa bai ci ba. Amma na tuna wandon Baba, na kai goro. Makaɗin ma sai da ya sa na maimaita saƙon, ya ce la'ilaha illallahu, sannan ya karɓa. Har gobe in aka sake aike na zan kai.

Da la'asar Baffa ya matsa wa Baba sai da ya rako shi fage, wai ya zo ya ga wasan maza ko ya ƙaru. Sani ya fito yana zagaye, ya ka da mutum biyu kamar yana sauke buhu, ya tsaya yana miƙa hannu babu mai fitowa. Sai ganga ta canza murya. Tsofaffin gungunmu suka gane kiɗan tun kafin ya kai tsakiya, wata tsohuwa ta fara kuka, don rabon da a ji wannan take tun muna kan gungu. Baffa ya yi kamar abin ya ba shi mamaki, har da zagin makaɗi. Ya tuɓe riga ya miƙa wa Baba. Baba ya riƙe masa hannu ya ce kada ya shiga. Wannan ce kalmar musu ta farko da ta fito daga bakinsa tun ranar tsere.

Kada wani ya ce muku an ka da shi nan da nan. Sun daɗe. Sau biyu Baffa yana ɗaga ƙafar yaron daga ƙasa, fage ya ɗauki ihu. Sannan suka sarƙe, suka yi tsaye kamar shanun huɗa, ƙura ta tashi. Sani ya sa masa taɗiya, irin wadda na sha ganin Baffa yana tsallakewa yana hira. Wannan karon bai tsallake ba. Ya tafi a hankali, ya dafa ƙasa da hannun dama. Shi kansa Sani tsayawa ya yi yana kallon hannun nan, ya rasa ko murna zai yi ko ya ba da haƙuri.

Muna shiga gida Baba ya jefa wa Baffa rigarsa a fuska, ya yi magana da wata murya da na ɗauka ta nutse tare da gungu.

"Da gangan ka faɗi. Wannan taɗiyar ko akuya ba ta ka da ita."

Baffa yana shafa gwiwa ya ce yaro ya fi shi ƙarfi, shi ke nan, tsufa ba ta da magani, kuma ashe kokawa ba komai ba ce in ban da ƙuruciya. Baba ya ce ƙarya yake yi, babu mahaluƙin da zai ka da Manu a ƙasar nan, ko yau ko gobe. Ku lura, sunan Manu ya kira, ba Jatau ba. Inna da ke tankaɗe ta tsaya cak. Baffa ya bar shi ya gama, sannan ya ce,

"To kai fa? Alƙali ya zana mini inda ka karkata. Duwatsun kan gungu suna can arewa, ka fi kowa sani. Wurin da ka kewaye, uwarmu ce kwance a ƙasansa. Ba ka iya bi ta kanta da ƙarti suna ihu, shi ne ka bari yara na yi maka dariya."

Baba ya juya zuwa gindin bango har na ji tsoron mun koma gidan jiya. Sai ya ce ba haka ba ne, mantuwa ce kawai da tsufa, hannunsa ne ya bi tsohuwar hanya. Baffa ya ce matuƙi irin Garba ba ya mantuwa, ko a makance aka sa shi a ruwa. Baba ya ce shi dai ya san an yi kayen ƙarya yau a garin nan. Baffa ya ce an dai yi ɓatan hanyar ƙarya. Murya ta hau murya, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Ana cikin haka Inna ta ajiye ƙwaryar tuwo a tsakaninsu, Baba ya sa hannu yana ci yana nuna Baffa da loma, bai ma san yana ci ba. Ta ƙaro, ya cinye.

Haka suka ci gaba har mutuwa ta raba su, wannan ya hau mota ya je Shanga don ya gaya wa wansa cewa da gangan ya faɗi, wancan ya zo Ngaski don ya gaya wa ƙanensa cewa da gangan ya kewaye. Baba ya koma ruwa, ya koyi tafkin kamar sabon yaro, ko da yake bai sake shiga tsere ba. Baffa kuwa ya rasa abin da ya rasa. Makaɗa suka cire baitin nan na wanda bai taɓa dafa ƙasa ba daga kirarinsa, gwiwar kuma ba ta sake daidai ba, da sanda ya ƙarasa.

Bayan rasuwar Baba na je gaishe da Baffa, na same shi a zaure ya tsufa ƙwarai. Na ce Baffa, yanzu daga ni sai kai, goro dai ni na kai, na san da gangan ka shiga. Amma faɗuwar fa? Ya daɗe yana murza gwiwa. Sannan ya ce yaron nan ƙarfi gare shi kamar ingarma, ko da ya so tsallake taɗiyar ba lalle ya iya ba. Na ce to ya so ɗin? Ya ce,

"Wa ya rage da zan yi musun da shi? Tashi ka ɗebo mini ruwa."